Cutar "Wa Ya Fara?" Da Tsofaffin Fina-finan 'Yan Tsana

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin masu rubutu a kan tarihin fasaha, wadda ba a cika ɗaukar ta a matsayin cuta ba saboda takan zo ne sanye da babbar rigar ilimi. Wannan cuta ita ce ta "wa ya fara?" Da zarar an tono wani tsohon aiki da ya ɓata, maimakon a zauna a dube shi a ga abin da ya ƙunsa, sai ka ji an kaure da gardama a kan shekarar da aka yi shi, da ko ya riga na wane, ko kuwa na wane ne ya riga shi. Kafin ƙura ta lafa an manta da aikin kansa. Babu kuwa inda wannan cuta ta fi yin ta'adi kamar fagen tsofaffin gajerun fina-finan 'yan tsana, waɗanda aka yi tun farkon ƙarni na 20, aka manta da su, daga baya aka riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatuna da gwangwanaye. Ra'ayina a kan wannan al'amari, ba tare da kewaye-kewaye ba, shi ne duk wanda ya tono fim don kawai ya liƙa masa lambar "na farko", to kabari na biyu ya gina masa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin fim ɗin da muke magana a kai. Sanin kowa ne cewa fim jerin hotuna ne tsayayyu, ana haska su da sauri har ido ya ga kamar motsi ake yi. A zamanin fina-finai marasa magana akan haska kimanin hoto 16 a kowace daƙiƙa, bayan shigowar sauti aka tsaya a kan 24. To akwai wata dabara da zan kira "taɓa-ka-ɗauka". Mai aikin zai kafa 'yar tsana, ko tsinken ashana, ko wani mutum-mutumi na yumɓu a gaban kyamara, ya ɗauki hoto guda tak. Sai ya je ya ɗaga hannun 'yar tsanar gwargwadon faɗin ƙwayar gero, ya dawo ya sake ɗauka. Haka zai yi ta kai da kawowa. Idan ka yi lissafi, minti ɗaya kacal na iya cin hoto 960. A wancan zamani kuwa mai aikin ba ya ganin abin da ya yi sai an wanke fim, saboda haka duk motsin a ƙwaƙwalwarsa yake riƙe, idan kuma hannun rigarsa ya ture 'yar tsanar a hoto na 700, sau da yawa sai dai a koma farko.

Bugu da ƙari, zaren fim na wancan lokaci da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ke ruɓewa idan ya tsufa, yana kuma kamawa da wuta kamar fetur. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey, a 1965 wata ta tashi a ma'ajiyar kamfanin MGM. Wani rahoto da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a Amurka sun ɓata ɓat. Idan haka ta faru da dogaye, masu manyan 'yan wasa da manyan kamfanoni, ina ga gajerun da ba su wuce minti biyar ko goma ba, waɗanda ake haskawa don cike gurbi kafin babban fim? Ashe ke nan duk guda ɗaya da ya tsira abin tattali ne. Abin tambaya shi ne, yaya muke tarbarsa idan ya dawo?

Gardama a kan abin da ba a gani ba

Buɗe littattafai da dama na tarihin sinima, za ka tarar an rubuta cewa fim ɗin taɓa-ka-ɗauka na farko a duniya shi ne The Humpty Dumpty Circus, wanda aka ce J. Stuart Blackton da Albert E. Smith na kamfanin Vitagraph sun yi a Amurka wajen 1898 da kayan wasan yara. Ya kai mai karatu, wannan fim babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a doron ƙasa. Babbar madogarar labarin ita ce abin da shi Smith ya rubuta a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1952, wato bayan fiye da shekara 50. Sannan kayan wasan da ke ɗauke da wannan suna, na kamfanin Schoenhut, sai a 1903 suka shiga kasuwa. Duk da haka an naɗa wa fim ɗin rawani, ana ta maimaita sunansa daga wannan littafi zuwa wancan, alhali kuwa babu mai iya gaya maka ko yana da daɗin kallo ko babu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ya kori gani.

Haka abin yake a Ingila. Wani mai ɗaukar hoto ɗan garin St Albans, Arthur Melbourne-Cooper, ana jingina masa wani ɗan guntun fim mai kimanin minti ɗaya, inda wani mutum da aka haɗa da tsinkayen ashana ke rubutu a jikin bango yana roƙon jama'a su ba da kuɗi a aika wa sojoji ashana a fagen fama. Wasu masana sun dage cewa a 1899 aka yi shi, lokacin yaƙin Turawan Ingila da Bowa a Afirka ta Kudu. Wasu suka ce a'a, na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, wajen 1914 ko 1915. An shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, har wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Holan suka fitar da littafi guda a 2009 suna kare shekarar 1899. Ban ce binciken banza ne ba. To amma mutumin nan yana da wani fim na 1908, Dreams of Toyland, wanda babu gardama a kan nasa ne, kuma yana nan ana iya kallonsa. Yaro ne uwarsa ta kai shi kantin kayan wasa, ya dawo ya yi barci, sai ya yi mafarkin kayan wasan sun tashi sun cika titi, ga motar haya, ga doki, ga 'yan tsana ana ta karo da faɗa da turereniya. A fili aka ɗauke shi ƙarƙashin hasken rana, shi ya sa idan ka lura za ka ga inuwar abubuwan tana ta rawa, domin kuwa tsakanin hoto da hoto rana ta gusa. Wato a cikin 'yan daƙiƙoƙi kana ganin sa'o'in da bawan Allah nan ya yi a tsugune. Wannan shi ne abin da ya cancanci a yi rubutu a kai, amma shafukan da aka ɓata a kan shekarar ɗan ashana sun ninka waɗanda aka ba wannan mafarki.

Gaba da gabanta

Mu tsallaka zuwa Rasha, inda cutar ta fi nuna kanta. Shekara da shekaru kowa ya yarda cewa Ladislas Starevich, wanda aka haifa a Mosko a 1882, shi ne ya fara fim ɗin 'yan tsana a wannan ƙasa. Labarin farawarsa ma abin ji ne. A 1910 yana aiki a wani gidan adana kayan halittu a garin Kovno, wanda yanzu ake kira Kaunas a ƙasar Lituweniya, sai ya so ya ɗauki faɗan wasu ƙwari masu ƙaho, dangin buzuzu. Da an kunna fitilar ɗaukar hoto sai ƙwarin su ƙi faɗa. Da ya ga haka sai ya ɗauki matattunsu, ya cire ƙafafun, ya maye gurbinsu da siririyar waya, ya liƙe da danƙo, ya riƙa motsa su da hannunsa hoto bayan hoto. Daga nan ya koma Mosko, kamfanin Khanzhonkov, inda a 1912 ya yi fim ɗin da aka sani a Turance da The Cameraman's Revenge, wato ramuwar gayyar mai ɗaukar hoto.

Ga yadda labarin yake. Malam Buzuzu ya gaji da zaman gida, ya shiga birni gidan rawa, ya ƙwace wa wani fara budurwarsa, wata mazari 'yar rawa. Bai sani ba ashe faran nan mai ɗaukar fim ne. Sai ya ɗaure kyamararsa a keke, ya bi su har masauki, ya ɗauke su ta ramin makulli. Da Buzuzu ya dawo gida sai ya tarar ita ma uwargida ta yi baƙo, ya kore shi da duka, ya cika ya batse, daga baya ya nuna wai shi mai yafiya ne, har ya ɗauke ta zuwa sinima. Wa ke haska fim a wannan dare? Fara. Sai ga asirin maigida a kan allo a gaban kowa, uwargida ta hau shi da lema, rigima ta kaure, ɗakin haskawa ya kama da wuta, mata da miji suka kwana a gidan yari. Dukkan wannan da matattun ƙwari, waɗanda ba su da fuskar da za ta yi murmushi ko ta ɗaure, babu kuma magana. Kishi da munafunci da borin kunya duk a cikin tafiya da karkata kai da ɗaga ƙafa aka nuna su.

Sai kuma a 1995 wani mai bincike, Viktor Bocharov, ya gano wata taska a birnin St Petersburg. Fina-finai ne na Alexander Shiryaev, wanda ya rayu daga 1867 zuwa 1941, gwanin rawar bale kuma malaminta a gidan wasan Mariinsky. Tsakanin 1906 da 1909 mutumin nan ya gina ɗan ƙaramin dandamali a ɗakinsa, ya haɗa 'yan tsana da waya da takarda, ya riƙa sa su rawa a gaban kyamara. Bai taɓa kai su sinima ba, iyalinsa da ɗalibansa kaɗai suka gani. An yi fim a kan wannan tsintuwa, aka gyara fina-finan, aka haska su a bikin fina-finai marasa magana na garin Pordenone a Italiya a 2008. Mene ne babban labarin da aka yi ta yayatawa? Wai an sami wanda ya riga Starevich. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

To jama'a, ina tambaya: ranar da aka buɗe akwatin Shiryaev, shin labarin Buzuzu da Fara ya rage daɗi? Ko ƙwarewar da ke cikinsa ta ragu da ƙwayar zarra? Idan darajar Starevich a kan zama na farko ta rataya, to tun 1995 ta faɗi ƙasa ta fashe. Amma ba ta faɗi ba, domin a cikin aikin take. Shi ma Shiryaev an zalunce shi, tunda an mayar da shi sandar dukan wani. Abin mamaki a aikinsa shi ne 'yan tsanarsa na da nauyi. Idan suka yi tsalle ka san sun tashi, idan suka dira ka ga gwiwa ta lanƙwashe ta karɓi jiki, saboda wanda ke motsa su ya shafe rayuwarsa yana rawa, ya san inda kowace gaɓa ke zuwa. Burinsa ma ba fim ba ne, so yake ya adana rawa don kada ta mutu da masu yin ta. Mutum biyu, buri biyu, hanya biyu, kuma babu wata shaida da ta nuna ɗaya ya kwaikwayi ɗaya. Mene ne amfanin jera su kamar dawakin sukuwa?

Wanda bai fara komai ba

Babbar hujjata ita ce Charley Bowers, Ba'amurke, wanda ya rasu a 1946 ba tare da duniyar fim ta damu ba. A shekarun 1960 Raymond Borde na ma'adanar fina-finai ta Toulouse a Faransa ya sayi wasu tsofaffin gwangwanayen fim daga hannun masu yawon wasa gari-gari, ya ga an rubuta "Bricolo" a jikin wasu. Sunan da Faransawa suka laƙaba wa ɗan wasan ke nan. An ɗauki shekaru kafin a tabbatar cewa Bricolo shi ne Bowers. A fim ɗinsa Egged On na 1926, an ɗora ƙwai a kan injin mota, sai ga shi suna ƙyanƙyashe 'yan ƙananan motoci suna yawo kamar 'yan tsaki. A It's a Bird na 1930 akwai tsuntsu mai cin ƙarfe, wanda ya yi ƙwai, ƙwan ya fashe, cikakkiyar mota ta tsiro daga ciki a gaban idonka. Bowers bai fara komai ba. An riga shi da kusan shekara 20. A ma'aunin masu cutar "wa ya fara?" ba shi da gurbi ko na layi ɗaya, alhali kuwa cikin duk waɗanda na ambata da wuya a sami wanda ya fi shi ban dariya da zurfin tunani. Ma'aunin da ya ɗaga fim ɗin da babu shi, ya kuma zubar da Bowers, ai karyayyen ma'auni ne.

Wani ɓarnar kuma ita ce lambar "na farko" mutum ɗaya take so. Ba ta da wurin Harold Muller, abokin aikin Bowers. Ba ta da wurin Irène, 'yar Starevich, wadda ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mahaifinta bayan sun koma Faransa a 1920, har da babban fim ɗinsu na labarin dila, Le Roman de Renard, da aka fara haskawa a 1937. Aikin da hannaye da yawa suka yi sai a tattara a damƙa wa mutum guda, don labari ya yi daɗin faɗa.

Na san abin da za a ce

Za a ce ai tarihi ba ya tsayuwa sai da shekaru, kuma idan ba a san wanda ya riga wani ba, ba za a san wanda ya koya daga wani ba. Wannan gaskiya ne, kuma ina jinjina wa masu haƙurin bin tsofaffin jaridu da takardun kamfanoni. Za a kuma ce kalmar "na farko" ita ke jawo hankalin 'yan jarida da masu ba da kuɗin gyara, in ba don ita ba da wasu fina-finan sun ruɓe a gwangwani. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To amma shekara ƙofa ce, ba ɗaki ba. Wanda ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana auna tsawonta da faɗinta, ya juya ya tafi, ba za a ce ya ziyarci gidan ba. Kuma idan da ƙugiyar "na farko" kaɗai ake kamo kuɗin gyara, wa zai gyara na biyu da na goma, waɗanda sau da yawa su ne suka fi kyau, tunda sai hannu ya faɗa ake gwaninta?

Ƙanwar wannan cuta ita ce abin da wasu suka shiga yi a intanet, musamman daga wajen 2020, inda ake ɗaukar tsohon fim a ba kwamfuta ta shafa masa launi, ta kuma ƙirƙiro hotunan da babu su ta cusa a tsakani don motsi ya yi sumul. A fim ɗin taɓa-ka-ɗauka kowane hoto hannun mutum ne ya taɓa shi, ɗan karkarwar nan da kake gani ita ce sa hannun mai aikin. Mai goge ta da mai gardamar shekara tafiyarsu ɗaya, dukansu sun ƙi kallon fim ɗin yadda yake.

Har a ƙofar gidanmu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan rigimar Turawa ce kawai. Marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma yi zama mai tsawo a Tawa, ya yi fina-finan 'yan tsana da wannan dabara, irin su Samba le grand na 1977 da kuma Kokoa, wato kokawa. A 2017 gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya haska ayyukansa. Duba abin da akan rubuta a kansa, kusan kullum da maganar "na farko" ko "uba" ake buɗewa, sau da yawa kuma da ita ake rufewa. Sai wani ya taso ya ce ai 'yan'uwan nan Frenkel sun yi katun a Masar tun 1936, shi ke nan an koma gidan jiya. Alhali a Kokoa kwaɗi ne da hawainiya da sauran dabbobi a da'irar kokawa, ga makaɗa, ga 'yan kallo. Wa ya fi cancanta ya faɗi ko ya kamo tsayuwar ɗan kokawa da kirarinsa da zumuɗin taro, in ba wanda ya taɓa zama a filin gasar takobi ba? Wannan sharhi ne da Bature ba zai rubuta mana ba, mu kuma ba za mu rubuta ba muddin muna haddace laƙabi a maimakon kallo.

Saboda haka 'yan'uwa marubuta, manya da masu tasowa, ga ƙalubale. Yawancin fina-finan nan da na ambata suna nan a intanet, da yawansu ba su kai rubu'in sa'a ba. Ku zaɓi ɗaya ku kalla sau biyu, sannan ku rubuta shafi guda a kansa ba tare da kalmar "na farko" ta fito ko sau ɗaya ba. Ku faɗi yadda aka gabatar da jarumi, da inda labari ya juya, da yadda aka nuna fushi babu fuska, aka nuna ƙarya babu magana. Wanda ya gwada zai ga cewa matattun ƙwarin Starevich na da abin da za su koya wa mai alƙalami a kan nuna hali ta hanyar aiki, darasin da yawancinmu ke cika shafi goma da surutu don mun rasa shi. Mutanen nan sun tsuguna wata da watanni suna motsa ƙafar ƙwaro don a kalla, wuta da ruɓa suka ci na ci, Allah ya tsirar da ragowar har suka iso gare mu. Mafi ƙarancin hakkinsu a kanmu shi ne mu kalla. Allah ya sa mu gane.